Inna Ta Danna Tukuna

Da safen nan uwata ta ba ni kunya a gaban matata da 'ya'yana. Ina zaune a kan tabarma, da furfurata da tabarau a hanci, ina biya mata karatu, sai na ja harafi inda ba a ja. Ko ɗaga kai ba ta yi ba, ta ce, "Maimaita." Na maimaita. Ta ce, "Kai dai malaminka ya yi asarar bulala." Matata ta shige kicin da sauri, amma ina jiyo yadda dariya ke neman shaƙe ta. Ni da nake gyara wa manya zama a wannan shafi duk mako, ga ni ana gyara mini wasali.

Na zauna na yi tunanin wanda ya jawo mini wannan, kuma na gano shi. Ba kowa ba ne illa Mai Girma Uban Marayu, Gatan Tsofaffi, Fitilar Zamani, wanda ba zan faɗi sunansa ba saboda ina so in ci gaba da kwana a gidana. Na san za ku ce ni dama ba na rabo da ƙorafi, makon jiya layin mai, wancan makon ramin titinmu da aka yi bikin cike shi har sau biyu yana nan yadda yake. Ku yi haƙuri da ni. Na yau ya shafi uwata ne.

Shekara biyar da suka wuce, ana saura 'yan makonni zaɓe, Mai Girma ya tuna cewa akwai tsofaffi a duniya. Aka kafa rumfuna, aka jera kujerun roba, aka tara iyayenmu tun hantsi har rana ta take, aka raba musu wayoyi a ƙarƙashin wani shiri mai suna Dattijo Ma Ya Latsa. Inna ta samu guda. Baƙa ce, mai kauri, nauyinta ya kai rabin bulo, sunan kamfanin da ya yi ta haruffa bakwai ne babu wasali ko ɗaya. Cajarta ba ta shiga wayar kowa, ta kowa ba ta shiga tata. Maƙwabcina Tela ya juya ta gaba da baya, ya ce shi a ganinsa guda dubu aka ƙera a duk duniya, daga nan aka rufe masana'antar aka ɗaure mai ita.

Amma a faɗi gaskiya, akwai abu ɗaya mai kyau a cikinta, wato manhajar karatu. Tana nuna aya da manyan baƙaƙe, kowanne ya kai kaurin yatsa, ga muryar wani malami mai haƙuri da zai maimaita maka sau ashirin bai yi tsaki ba. Inna ba ta samu yin karatu mai nisa da ƙuruciya ba, renonmu mu bakwai ya cinye shekarun. Tana da shekara sittin da takwas ta ɗauki wayar nan ta fara daga tushe. Kullum da safe sai ta zauna a bakin ƙofar ɗakinta inda haske ke faɗowa, tana bi da yatsa. Izu sittin ne, kowa ya sani. A shekara biyar ta ci hamsin da takwas, saura biyu ta sauke.

Lokaci kuwa ba ya jiranta. Idonta na hagu ya riga ya tafi. Na daman ma likita ya ja ni gefe ya ce mini yana bin sawun ɗan'uwansa, sai dai ba zai iya cewa wata nawa ya rage ba. Inna ta sani, don ita ba a ɓoye mata magana. Abin da ta ce kawai shi ne, "Ni dai in kai ƙarshe da idona, ba da kunne kaɗai ba. Bayan nan duhu ya zo in ya ga dama." Tun ranar da ta faɗi haka maganar take zaune a ƙirjina.

Ana nan sai wata Alhamis, wata biyu ke nan, Inna ta ƙwala mini kira tun ban gama shayi ba. Na je na tarar da ita riƙe da waya, fuska a ɗaure tamau. Manhaja ta rufe ruf, ba aya ba muryar malam, sai layi ɗaya a tsakiyar allo: "Dole ka sauke kafin ka ci gaba da karatu."

"Karanta mini wannan, ko idona ne," in ji ta. Na karanta. Ta ce, "To wane irin malami ne wannan? Sai na sauke zan ci gaba? In na sauke, wane ci gaba kuma ya rage?"

Na ce, "Inna, ba saukar karatu ake nufi ba. Sabuwar manhaja suka fitar, suna so a jawo ta daga intanet zuwa cikin waya, shi ma saukewa ake ce masa. Amma ba ta taɓa tambayarki ba kafin yau?"

"Tambaya? Ai wata bakwai ke nan kullum sai ta tare ni da ita."

Ashe tun wata bakwai, da zarar Inna ta buɗe karatu sai wani ɗan saƙo ya faɗo: "Akwai sabo. Ka sauke?" A ƙasansa madanni biyu, ɗaya Eh, ɗaya Tukuna. Inna tana haɗa baƙin boko a hankali, kuma ta daɗe da gane cewa wayar nan ba ta san lanƙwasa ba. Ƙofa a wurinta kofa ce, ɗaki daki ne. Saboda haka Inna ta saba sa wa haruffa lanƙwasarsu da kanta. Da ta ga "sabo", sai ta karanta "saɓo".

"Na ce to, ga shi har gargaɗi take yi mini," in ji Inna. "Akwai saɓo, ka sauke? Ni ban sauke ba, in ce na sauke? In yi ƙarya a kan karatun Allah don in faranta wa waya? Sai in danna Tukuna in ci gaba da abin da ke gabana. Kuma ga rashin ta ido, kullum 'ka', 'ka', sai ka ce ba ta san da mace take magana ba."

Na lissafa a raina, sau ɗari biyu da wani abu ke nan aka miƙa wa tsohuwar nan damar ta ce ta gama, tana cewa tukuna. Na rasa ko dariya zan yi ko kuka. Na ce ta kwantar da hankalinta, aikin minti biyar ne. Na danna inda ake dannawa, wata 'yar da'ira ta yi ta juyawa har shayina ya huce, daga nan waya ta ce rumbun manhajoji ba ya amsawa.

Da rana na kai ta kasuwa wurin wani mai gyara da ake kira Likita. Rumfarsa taku uku ce, teburinsa cike da gawarwakin wayoyi, ga fitila mai gilashin ƙara girma a sunkuye a kansu. Yana ganin abin da na fito da shi daga aljihu ya ajiye sukundireba, ya ce, "Inna lillahi. Ta Mai Girma ce? Alhaji, wa ka yi wa laifi?"

Ya yi mini bayani dalla-dalla, yana lanƙwasa yatsu. Na farko, wayar ba ta shiga rumbun da duk duniya ke ɗibar manhaja. Nata rumbun daban aka gina mata, shi kuma ya mutu ranar da kwangila ta ƙare. Na biyu, shi Likita yana iya ɗauko sabuwar manhajar a kwamfuta ya tura ta waya, amma an kulle wayar, ba ta karɓar baƙo sai da lambar izini. Na uku, ko an samu lambar, babu wurin da baƙon zai zauna, domin kashi uku cikin huɗu na cikinta bidiyo ɗaya ne ya cinye, kuma ba ya goguwa.

"Wane bidiyo?" na tambaya.

Ya danna. Sai ga Mai Girma a kan mumbari ranar rabon waya, yana share gumi, yana cewa daga yau babu dattijon da zamani zai bari a baya. Awa biyu da minti arba'in. Masu rumfunan kusa suka leƙo suna kallo, ɗaya ya ce ashe a lokacin ma da tumbinsa.

Na ce, "To a wanke ta gaba ɗaya mana."

Likita ya girgiza kai. "Filashin? Zan iya. In ta farka, ta farka. In ba ta farka ba, Hajiya ta samu abin danne takarda. Guda shida na yi wa, biyu ne suka buɗe ido, su ma ɗaya da wani yare ta tashi wanda har yau ba mu gano na wace ƙasa ba ne. Ka je ofishinsu ka karɓo lamba, shi ne hanya."

Ranar Litinin na yi sammako. Ofishin yana hawa na biyu, kuma tun daga ƙasa za ka hango allonsu, fenti sabo fil: SHIRIN DATTIJO MA YA LATSA, AN KAMMALA ƊARI BISA ƊARI. Na zauna a kan wani benci mai ƙafa uku da bulo guda tun takwas saura. Sha ɗaya aka ce Oga yana hanya. Sha biyu aka ce yana taro. Ƙarfe ɗaya aka ce ya fita salla, abin da ya ba ni mamaki tunda ba wanda ya ga shigowarsa. Sai wajen uku aka ce in shiga.

Ranka ya daɗe Muƙaddashin Mataimakin Darakta mutum ne mai fara'a, Allah ya ba shi. Wayoyi uku ne jere a kan teburinsa, masu sheƙi, sirara, babu ta Mai Girma ko ɗaya. A bayansa kwalaye ne tun daga ƙasa har rufi, na irin wayar Inna, ko ledarsu ba a ɓare ba. Na durƙusa na gaishe shi, na zayyana masa komai, har da maganar ido.

"Allah sarki Mama," in ji shi. "Ai don irinsu muke hana kanmu barci. Sai dai lambar izini ba ta hannunmu, tana hannun ɗan kwangila."

"Ranka ya daɗe, ina zan same shi?"

Ya yi murmushi ya nuna rufi da yatsa. "Ai yanzu ya wuce a same shi. Allah ya ɗaukaka shi."

"To ko za a canza mata da ɗaya daga cikin waɗannan na kwali?"

"Waɗannan na zagaye na biyu ne. Ana jiran lokacin da ya dace." Ni da shi duka mun san lokacin, sai zaɓe ya sake matsowa. "Kuma ko an ba ka, duk uwa ɗaya ta haife su, abin da waccan ta ce shi za su ce. Amma kada ka damu, mun tanadi hanyar koke ta zamani. A cikin wayar akwai manhaja mai suna Kukanka Namu. Ka shigar da kokenka a nan, kai tsaye zai faɗa gaban kwamiti."

A gabansa na ciro waya na lalubo Kukanka Namu na danna. Ta buɗe, ta yi ɗan tunani, ta ce: "Akwai sabo. Ka sauke?"

Ita ko Tukuna ba ta da shi, madannin Eh ne kaɗai. Na miƙa masa. Ya gyara tabarau, ya karanta a nutse, ya miƙo mini. "To ka sauke mana," in ji shi.

Jama'a, na sha ganin gwaninta a ofisoshi, amma wannan ta daban ce, kuma dole a yaba. Sun gina ƙofar koke, sun kulle ta, sun jefa makullin a cikin ɗakin. Shekara biyar ba koke ko ɗaya da ya iso gaban kwamiti, abin da ke nuna kowa ya gamsu. Da ya ga na ƙi tashi, sai ya buɗe aljihun tebur ya zaro fom na takarda, ya ce tunda ni ɗan gargajiya ne in cike wannan, in yi masa kwafi biyar, in dawo bayan wata uku.

Na sauko ƙasa. Wata uku a wurinsu ba komai ba ne, amma ni na san abin da wata uku zai iya yi wa idon Inna. Tsoro ya kama ni sosai, ban ɓoye muku ba. Ina ta tunanin da wane baki zan ce mata ta yi shekara biyar tana tafiya, ga ƙofar gida tana hangowa, an ce ta tsaya a nan.

A bakin get akwai wani mai fotokwafi a gindin bishiya, da tsohon injinsa da ƙaramin janareta. Na shiga layi da fom ɗina. Wanda ke gabana magini ne, ya kawo zanen gida a 'yar takarda kamar tafin hannu. Mai fotokwafi ya danna wani abu, sai ga zanen ya fito a faffaɗar takarda, kowane ɗaki ya yi girman da za ka sa yatsa uku a ciki.

Na ce, "Malam, injin nan yana ƙara wa rubutu girma?"

"Har sai ka ce ya isa."

Na ninke fom ɗin Muƙaddashi na cusa a aljihu, kuma yana nan har yau. Na hau mota na koma gida, na ɗauko Alƙur'anin marigayi Baba daga saman kabad, na sake alwala, na dawo. Mutumin kirki, da ya ga abin da na kawo sai ya tashi ya wanke hannunsa, ya goge gilashin injin da gefen rigarsa. Shafi-shafi muka bi izu biyun nan, kowane shafi muka raba shi biyu, kowane rabi ya cika babbar takarda. Wannan shi ne kaɗai alherin da na samu a ofishin nan, shi ma a wajen get yake.

Inna ta karɓi takardun, ta kai ɗaya kusa da idon dama. Can ta ce, "Baƙaƙen sun fito. To muryar fa? Wa zai biya mini?"

Na duba hagu, na duba dama. Matata ta kalli rufi. Tela, wanda ya leƙo jin yadda aka kwashe, ya ce shi yana da ɗinkin gaggawa. Haka aka yi na zama manhaja.

Ban taɓa sanin karatuna ya yi tsatsa haka ba. Malamin cikin waya ba ya tuntuɓe, ba ya hamma, ba ya leƙa agogo. Ni kuwa duk ina yi. Abin da ya fi ba ni haushi, shekara biyar tana sauraron ƙwararre, kunnenta ya goge, ko ɗigo na ci sai ta kama ni. Ranar farko ta ce, "Wancan ya fi ka murya." Ranar ta uku ta ce, "Wancan ya fi ka haƙuri." A mako na biyu ta ce, "Amma wancan ba ya kawo mini ruwan ɗumi," kuma na riƙe wannan a matsayin yabo mafi girma da na samu tun da na fara aiki.

Mako bakwai muka yi. A na biyar na lura ta ƙara matso da takarda har tana taɓa hancinta, wani lokacin ta tsaya ta juya ta wajen haske ta jira baƙaƙen su taru. Na koma gindin bishiya aka ƙara girman sauran shafukan, har layi huɗu kawai takarda ke ɗauka.

Larabar da ta wuce, wajen ƙarfe bakwai da rabi na safe, yatsanta ya kai kalmar ƙarshe. Ta karanta ta da kanta, ban biya mata ba. Ta ɗora tafin hannu a kan takardar ta daɗe a haka. Hawaye na bin fuskarta, ni ma nawa suka zubo, na ƙyale su, don ban ga wanda zan ji wa kunya ba. Matata tana tsaye a bakin kicin da ludayi a hannu tana ta share ido da gefen mayafi.

Da Inna ta nutsu, sai ta ce, "Miƙo mini wayar nan."

Na ɗauko ta daga ƙarƙashin filo inda ta yi wata biyu tana hutawa. Na buɗe mata. Rubutun yana nan, dole ka sauke, da madanninsa guda ɗaya a ƙasa. Inna ta gyara zama, ta goge yatsa a zani.

"To, yau kam na sauke," ta ce wa wayar. Ta danna.

'Yar da'irar ta juya, ta juya. Sannan rubutu ya fito, Inna ta ce in karanta mata don idonta ya gaji. Na karanta: "A sake daga farko."

Na buɗe baki zan yi bayani, cewa rumbu ne ba ya amsawa, cewa lamba tana hannun wanda Allah ya ɗaukaka. Inna ta ɗaga mini hannu.

"Ka ji maganar malamin kirki," in ji ta. "Ai dama ba a ajiyewa. Gobe ka fito da wuri. In idon ya kai mu, to. In bai kai ba, kai ka zama idon."

Shi ya sa kuka gan ni da safen nan a kan tabarma ana ce mini maimaita, kuma ga dukkan alamu haka za ku riƙa ganina har izu sittin.

Jiya na bi ta gaban ofishin, allonsu yana nan yana sheƙi, an kammala ɗari bisa ɗari. Na ba Tela labari, na ce da ina da iko da na sa an kafa wa kowane babba madannan nan biyu a kan teburinsa, Eh da Tukuna, da ɗan gargaɗin nan a sama yadda Inna ta karanta shi. Tela bai ɗaga kai daga keken ɗinki ba. Ya ce shawara ce mai kyau, kuma za ta zo da sauƙi, tunda na Eh kaɗai za a riƙa canzawa. Na Tukuna, in ji shi, har a sauka daga mulki ko ledarsa ba za a ɓare ba.